Jakada da Kurar Sarki

A zamanin da, an yi wani tsohon jakada mai zurfin karatu, wanda bai ƙware a komai ba kamar yabo. Aka tura shi neman sulhu wata ƙasa inda duk abin da baƙo ya yaba ya zama nasa.

Sarkinsu ya nuna masa gurgun jaki. Jakada ya ce, "Madalla da jaki." Aka ba shi. Aka kawo fasasshen tulu. "Madalla da tulu." Aka ba shi. Sai aka jawo kura.

Jakada ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kam mummuna ce, ga wari."

Sarki ya yi dariya, ya ce, "Ashe kana faɗin gaskiya. Zauna mu sasanta."

Ya koma gida da sulhu, yana jan gurgun jakinsa.