Jar Roba a Ƙarƙashin Motar Muriuki

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Lahadi aka bugo wa Sufeto Nasimiyu waya. Mota ta faɗa kwazazzabo a gangaren hanyar Naivasha, direban ya rasu nan take.

Motar irin ta samarin tsere ce. An sauke ta har tana neman shafar kwalta, an sa mata faffaɗan tayoyi, an ƙara wa injin ƙarfi. Mai ita, wanda kuma ke tuƙa ta, shi ne Muriuki, ma'aikacin jinya, shekararsa talatin da ɗaya.

"Gudu ne kawai, Afande," in ji Kofur Langat da suka isa wurin, yana kiranta da laƙabin da 'yan sanda ke yi wa na gaba da su. "Samarin nan ba sa jin magana."

Nasimiyu ta matsa kusa da motar. 'Yar makanike ce, a gareji ta tashi. Ta durƙusa ta leƙa ƙafar gaba ta hagu. Bush ɗin, robar nan da ke riƙe ƙarfen ƙafa da jikin mota, ya tarwatse, tayar ta karkace. Robar ja ce. Ta kankare ta da farce, sai jan ya ɓare, baƙa ta fito, busasshiya, duk ta tsattsage.

"Fenti aka shafa mata," ta ce. "Kofur, kada kowa ya taɓa motar nan."

A gidan mamacin suka tarar da matarsa Kagendo, idanunta sun kumbura.

"Wata biyu motar tana ƙwanƙwasa in ta faɗa rami, sitiyari na rawa," ta ce. "Aka ce masa robar kamfani ba ta daɗewa a motar da aka sauke. Wani ya ce a yanko masa daga tsohuwar taya, ya ƙi. Jar nan mai tauri ta 'yan tsere ya yi oda daga waje, sati shida yana jira. Ni na ɓoye makulli, na ce ba zai hau ba sai an canza."

"Wa ya ɗaura masa?"

"Ogola, ranar Alhamis. Abokinsa ne tun suna makaranta."

Garejin Ogola na cikin lungunan Grogan, unguwar makanikai. Ya tarbe su yana goge hannu da tsumma, muryarsa a dashe.

"Da hannuna na ɗaura su, Afande, guda huɗu. Sai dai in jabu aka turo masa."

"Ina tsofaffin da ka cire?"

"Na zubar."

"A ina?"

"Masu kwasar shara sun tafi da su."

Langat ya gaji da tsayuwa, ya jingina da wata farar mota mai lambar tsere goma sha huɗu a jikin ƙofarta. Motar ta yi ƙiiii.

Nasimiyu ta waiga. "Sake danna ta."

Ya danna. Ta sake yi.

"Motar wa ce?"

"Tawa ce," in ji Ogola.

"Sabon bush mai tauri ne kaɗai ke wannan kuka, in an ɗaura shi da gaggawa ba giris. Kofur, ɗauko jak."

Aka ɗaga motar. Ga su nan jajir, su huɗu, suna sheƙi.

"Bara na saye su," Ogola ya faɗa da sauri.

"Bara? Ko ƙura ba su sha ba. Buɗe but."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Langat ya fizge makullin. A ƙarƙashin tayar safaya akwai kwali a ninke, da sunan Muriuki da lambar wayarsa a jiki.

Ogola ya zauna daɓas a ƙasa.

"Wallahi aro na yi," ya ce. "Tsere gare ni jiya Asabar, nawa sun mutu. Na mayar masa da tsofaffinsa na fesa musu ja, da niyyar gobe Litinin in canza masa. Na ce masa kada ya yi doguwar tafiya."

"Ka faɗa masa dalili?"

Ogola ya kau da kai.

"Na tambaye ka."

"A'a."

"Ya zo ya ɗauki mota, ya leƙa ƙasa, ya ga ja. Me ya ce maka?"

"Ya rungume ni. Ya ce yanzu Kagendo za ta kwantar da hankalinta."

Langat ya ɗaga shi ya sa masa ankwa. Makanikan maƙwabta sun taru a bakin ƙofa.

Har za su shiga mota, Nasimiyu ta dakata.

"Ka ci tseren?"

Ogola ya sunkuyar da kai.

"Na huɗu na zo."

Ta buɗe masa ƙofar baya da kanta.