Hannayen Ƙarfe a Gindin Tsamiya

Ranar da Maitama ya dawo Funtuwa daga Kaduna, a kakar 1986, ya ce hutu ya samu. Matarsa Hansai ta dubi motar da ta kawo shi, ta ga talabijin da bidiyo, ta ga har katifa da bokitin wanka. Ba ta taɓa ganin mai hutu ya kwaso katifarsa ba, amma ta je ta ɗora tukunya.

Shekara tara yana walda a wani kamfanin harhaɗa motoci. A kayansa akwai kaset ɗaya da yake ji da shi. Kullum bayan la'asar sai ya fito da talabijin gindin tsamiyar tsakar gida, maƙwabta su dawo daga tsinkar auduga su zazzauna. Kaset ɗin na nuna uwar masana'antar a Turai. Wasu dogayen hannayen ƙarfe ne ke sunkuyawa, su ɗauki ƙofar mota su manna, wuta ta yi tartsatsi, su miƙe, su sake sunkuyawa. Babu mutum ko ɗaya a wurin. In ya ƙare, Maitama ya mayar da shi farko.

"Irin aikinmu ke nan," yakan ce yana shafa gemu, mutane su yi ta salati. 'Yarsa Rabi, mai shekara goma sha uku, kullum tana sahun gaba.

Yammaci na shida, rana ta yi ja, kaji sun shige akurki, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Aka ce yara ne. Na biyu ya sauka tsakiyar tabarma, da zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi. Aka leƙa bayan katanga, babu kowa sai karan dawa. Nan take kowa ya tuna bai yi alwala ba, aka shiga neman takalma.

Rabi ba ta tashi ba. Hannunta na dama ya ɗaga a hankali, ya sunkuya, ya ɗauki abin da babu, ya manna, ya koma. Ya sake. Hansai ta kira sunanta sau uku, yarinya ko ƙiftawa.

Kwana huɗu hannun bai tsaya ba. Ƙarti biyu suka danne shi, ya ɗaga su. A asibiti aka ce ba a ga ciwo ba. Kafaɗar ta kumbura, koko ma sai an ɗura mata, duwatsu kuwa ba su fasa zuwa da magariba ba. Maitama ya zauna yana kallon 'yarsa tana ƙarewa, tsoro ya cika shi, ba shi da abin yi.

Aka ɗauko Malam Abdussamad daga Tsiga, dattijon da aka sani da karatun masu iska. Ya zauna kusa da kanta ya daɗe yana karatu, maƙwabta sun taru a zaure. Can bakin Rabi ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Ya isa, Malam. Ni ce mai tsamiyar nan. Tun zamanin kakan maigidan nake nan, ban taɓa taɓa kowa ba."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Kwana shida ina kallo daga sama. Ƙarfe ba ya sunkuyawa da kansa. In babu mutum, to 'yan'uwana aka ɗaure a ciki. Su gama aiki, mutumin nan ya mayar da su farko. Ba ci, ba sha, ba hutu. To tasa 'yar ma ta ɗanɗana."

"A ƙona kaset ɗin," in ji Malam.

"A ƙona su a ciki?" in ji muryar. Duwatsu uku suka faɗo lokaci guda. "Shi ya ce aikinsu ne. Ya rantse mini wa ke cikin ƙarfen. In ya yi ƙarya, hannun nan sai ya cire."

Malam ya juyo. "Alhaji Maitama, wannan ba ilmina ba ne. Kai ka san wurin."

Maitama ya dubi zaure, ya dubi Hansai, ya dubi hannun da ke hawa da sauka.

"Wallahi babu kowa," ya ce. "Ba mutum, ba aljan. Wutar lantarki ce kurum. Ranar da aka nuna mana kaset ɗin aka sallame mu, mu ɗari uku. Aka ce can hannu ɗaya ke aikin mutum ashirin, har ya fi mu arha. Ba hutu nake ba, Hansai. Korata aka yi."

Hansai ta rufe fuska da mayafi. Ta sani tun ranar katifa, amma ji daga bakinsa ya fi ciwo.

Muryar ta tambaya a hankali, "To don me kake nuna wa mutane abin da ya kore ka?"

"Ba ni da wani abin nunawa."

Hannun ya rage gudu.

"Na yarda, don ba a rantsuwa irin wannan a kan ƙarya," in ji muryar. "Zan bar yarinya, Malam, da sharaɗin kada a sake kunna shi. Tsamiyar ma zan bari. Na daɗe a duniya, ban taɓa jin wurin da babu ku kuma babu mu ba. In abin ya iso nan, ba na so ya same ni."

Rabi ta yi atishawa sau uku, hannun ya faɗi a kan tabarma. Ganyen tsamiya ya kaɗa sau ɗaya ba tare da iska ba. A zaure, maƙwabta suka fice ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya leƙo ya yi sallama.

Da Rabi ta buɗe ido ta nemi ruwa, ba ta tuna komai ba. Ta sha, ta ga ubanta durƙushe a gabanta, ta yi masa murmushi.

"Baba," ta ce, "in hutunka ya ƙare, za ka tafi da ni in ga wurin aikinku?"