Gyaran da Ba a Sa Shi Ba

Ranar Litinin da hantsi Iklima ta shiga shagon Ridwan mai gyaran kwamfuta a Aliero, ta dire laftof ɗinta a kan tebur.

"Harafi guda na yam maƙale," ta ce. "Shi ɗai za ka gyara min. Da la'asar in dawo."

Ridwan ya ɗago kai, ya manta da abin da yake kwancewa. Ta fita ta bar shi yana kallon ƙofa.

Iklima ita ce sakatariyar mata masu noman albasa na Danwarai. Wata ƙungiyar tallafi za ta raba ƙananan injinan ban ruwa, amma sai macen da aka ɗauki zanen yatsanta aka tura kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Mata hamsin da takwas ke jiran Iklima da 'yar na'urarta ta ɗaukar yatsa.

Minti biyar ya ishi Ridwan gyara harafin. Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma ya ga tsarin da kwamfutar ke aiki da shi tsoho ne, sai zuciya ta raya masa ya burge yarinya. Ya kwashe mata takardunta gefe, ya goge tsohon tsarin, ya ɗora sabo fil. Wasu samarin turare suke kaiwa toshi, shi nasa ke nan.

Washegari ta faɗo shagon ko sallama babu.

"Wa yas sa ka?"

"Ranki shi daɗe, kyauta ta niy yi miki..."

"Na roƙe ka? Na jona na'urar yatsa, kwamfuta ta ce ba ta san ta ba! Jiya da sahe lahiya lau suka aiki. Mi kay yi mata?"

Ridwan ya jona na'urar da kansa, ya canza kafar jonawa, ya kashe ya kunna. Shiru. Ya bayyana mata cewa kowace na'ura tana da 'yar manhajar da ke gabatar da ita ga kwamfuta, direba ake ce mata, kuma direban tata na'urar bai jitu da sabon tsarin ba.

"To ka maido min tsohon."

"Na goge shi," ya faɗa a hankali.

Kallon da ta yi masa, har ya mutu ba zai manta ba. Abin haushin, ko a cikin fushin kyau ta ƙara yi masa.

Kwana biyu ya rufe shago bai karɓi aikin kowa ba. Ya sauke direbobi sun fi goma, kowanne ya ƙi. Ranar Laraba da yamma ya samo wani tsohon direba, ya umarci kwamfutar ta riƙe shi kamar a tsohon tsari take. Ya ɗora babban yatsansa, fitilar na'urar ta yi kore. Ya gwada sau ashirin, sannan ya tura mata saƙo.

"Sakatariya, ta tashi. Ki yafe min. Wallahi ba ɓarna na yi niyya ba, so na yi ki riƙa tunawa da ni duk lokacin da kika buɗe ta."

Ta amsa: "Ai kuwa ina tunawa da kai. Ba da alheri ba."

Bayan minti biyu wani saƙon nata ya shigo: "Ka ci abinci dai?"

Ridwan ya karanta wannan na biyun ya fi a ƙirga.

Ranar Alhamis Iklima ta karɓo kwamfutarta, mata suka cika ƙofar gidan Malam Alu, mahaifinta, a Danwarai. Na'ura ta ɗauki mutum shida, ta mutu. A zare a mayar, ta ɗauki ɗaya, ta sake mutuwa. Malam Alu ya kira Abdulwahab, mai sayar da kayan waya a Jega, wanda ya shekara yana zaryar neman Iklima. Ya iso da farar shadda, ya kama hannun Inna Tani, tsohuwar da ke gaban layi, ya duba ya taɓe baki.

"Ba na'ura ba ta. Yatsunsu na sunka goge wurin dashen albasa. Su tai su wanke hannu da sabulu."

Nan fa dattawan mata suka durƙusa suna dirzar yatsu kamar yara, wasu na ɓoye hannu cikin mayafi don kunya. Ran Iklima ya yi baƙi ƙirin. Ta rubuta wa Ridwan:

"Ka ce ta tashi, ƙarya kake. Yau an kunyata iyayena mata saboda kai. Kada ka ƙara kirana."

Bai kira ba. Juma'a da sassafe sai ga shi a ƙofar gidansu a kan babur. Ya canza wayar jona na'urar, ya canza kafa, ya sake ɗora direba, na'ura na tashi tana mutuwa. Iklima na tsaye a kansa, kowane minti da kalar faɗan da take yi. Sai wajen sha biyu ya lura da alamar batir a ƙasan allo, ya dafe kai. A shagonsa kwamfutar na jone da wuta. Nan kuwa babu wuta, kuma sabon tsarin in ya ga batir kaɗai ake ci, yakan yanke wa abin da aka jona wuta don tanadi. Ya shiga saitin ya hana shi. Fitila ta yi kore, ba ta ƙara mutuwa ba.

Da aka sauko daga masallaci suka duƙufa, ita tana rubuta suna, shi yana ɗora yatsu. Ƙarfe huɗu shafin rajista ya rufe a kan mace ta hamsin da biyar. Saura Inna Tani, wadda kunyar jiya ta sa ta koma ƙarshen layi, da Fa'iza, da Amariya.

Iklima ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka.

"Na gaya muku yatsu na," in ji Abdulwahab, wanda ya dawo kallo.

Ridwan ya miƙe. "Ƙarya ta! Yatsunsu lahiya lau suke. Baba, ni na. Ni nit taɓa abin da ba a sa ni ba, kuma nig gwada shi cikin shago ban tuna nan babu wuta ba. Kwana ukkun da anka rasa, ni nic ci su."

Malam Alu ya dube shi sama da ƙasa. "Na ji kana aiko ma ɗiyata saƙo. Wanda ba shi tambaya kahin shi taɓa kayan mutane, ba ni ba shi ɗiya. Hau babur ɗinka."

Mako guda Iklima ba ta amsa masa ko saƙo ɗaya ba. Sai ranar da aka raba injina Ridwan ya rubuto:

"Sakatariyata, ban ce ki huce ba. Tambaya nake, tunda na koyi tambaya: in matan da suka samu inji za su ara, kin yarda in riƙa kai wa su Inna Tani?"

"Gonakinsu ba kusa suke ba," ta amsa. "Kwana uku za ka yi ka gudu."

Bai gudu ba. Tun daga dashe har albasa ta nuna, kullum bayan asuba Ridwan zai ɗaure injin aro a bayan babur, ya shayar da gona ɗaya, ya mayar da inji, sannan ya je ya buɗe shago da taɓo har gwiwa. Tiyo ya tsattsaga masa tafin hannu. Wata safiya Iklima ta same shi a gonar Fa'iza, ta miƙa masa kwanon kunu tana hararar sa.

"Har yanzu haushinka nika ji, Injiniya."

"Na sani, Sakatariyata. Ki ci gaba da ji, amma kusa da ni."

Ta juya baya don kada ya ga murmushinta, amma ya gani.

Da aka cire albasa, matan nan uku suka yi wa Malam Alu sallama. Inna Tani ce ta yi magana.

"Alu, mu anka cuta, ba kai ba. Mu kau mun yahe, don ko kunyar albasa guda ba ta bushe muna ba. Kai mi kaka riƙo?"

Malam Alu ya ja gemu. Sannan ya ce a gaya wa yaron ya turo magabatansa.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Ranar kai amarya Aliero, Inna Tani ta kama hannun Iklima ta sa a cikin na Ridwan, sai ta ji kantar da ke tafinsa. Ta juya hannun ta duba, ta yi dariya har da ƙwalla.

"Yanzu hannunka ya zama irin namu, ɗana. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi albarkaci abin da za ku haihwa."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta cika gidan.