Zanen da Aka Kai Lyon

Hassoumi direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a wani kamfanin jigilar zane-zane a Paris. Ran nan aka ba shi akwati guda ya kai Lyon, sai ya tafi da ƙanensa Ilya. Baturiyar da ta ɗaure kayan ta ce zanen ya kusa shekara ɗari, kuma babu mutum ko dabba a ciki, sai da'irori da layuka. Wai a bakin wata tsohuwar rijiya cikin hamada mai zanen ya kwaikwayo su.

Rana na faɗuwa suka ji bugu daga baya. Dum. Dum-dum. Kamar ana daka a nesa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, alhali babu ko hadari.

"Yaya, ko igiya ce ta kwance?" in ji Ilya.

Hassoumi ya tsaya a gefen wata gona. Suka buɗe bayan motar, Ilya ya hau.

Akwatin a buɗe yake.

Da'irorin suna juyawa, ja cikin shuɗi, kowace tana haɗiye 'yar'uwarta. Layukan suna lanƙwasa kamar gero in iska ta taso. Bugun kuwa ya daidaita da zuciyar Hassoumi.

Daga tsakiyar zanen, inda ya yi baƙi ƙirin, murya ta fito a hankali, da Hausa.

"Ɗaya ya ishe ni."

Ilya ya juyo. Ƙafafunsa sun ƙi ɗaguwa. Ya miƙo hannu.

"Yaya."

Hassoumi ya kalli hannun.

Ya rufe ƙofa. Ya sa sakata.

Ya tuƙa har Lyon, rediyo a ƙure, don kada ya ji ana kiran sunansa.

Da aka buɗe, zanen na nan lafiya lau. Ilya ma da ransa, sai dai bai ƙara magana ba, bai kuma san kowa ba. Yini yake yana kewaya tsakar ɗaki har tafin ƙafarsa ya fashe.

Hassoumi ya ce faɗuwa Ilya ya yi a hanya, da ƙyar ya ceto shi. Shi ya sa duk Juma'a Raliatou, matar Ilya, take dafa wa Hassoumi dambu ta kai masa ɗakin da yake zaune da abokansa a unguwar Goutte d'Or, ta durƙusa.

"Yaya, Allah ya saka maka da kwatankwacin abin da ka yi masa."

Jama'ar ɗaki su ce amin. Dole shi ma ya ce.