Rodin da Aka Kafa a Gindin Tsamiya

Da almuru abin ya fara, lokacin da kaji ke shiga akurki, masu Keke Napep na komowa daga kasuwar Kafanchan. Azariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana zaune a ƙofar sabon gidansa sai ya ji ƙas! Wuta ta ɗauke, alhali gidajen maƙwabta tar suke. Ya leƙa akwatin wutar da ke bangon falo, ya ga bireka ta faɗi, wato ɗan makunnin nan da ke yanke wuta da kansa idan wani abu ya lalace. Ya ɗaga ta. Washegari da almuru ta sake faɗuwa.

Aka kira Gilbert mai gyaran wuta, wanda ya ja wayoyin gidan tun farko, ya kuma kafa rodin ƙarfe a gindin tsamiyar bayan gida, da gawayi da gishiri, don wutar da ta ɓalle ta bi ta shige ƙasa. Ya cire tsohuwar bireka ya sa sabuwa. Ita ma ta faɗi.

"Baba, ba laifin bireka ba ne," in ji Gilbert. "Wuta na zuba a wani wuri. Sai na dawo na bi layi ɗaya-ɗaya."

Ina! Azariya mutum ne mai gajen haƙuri. Gilbert na juya baya, ya sami guntuwar waya ya haɗa sama da ƙasa, ya tsallake birekar. Wuta ta zauna daram.

A yammacin nan duwatsu suka fara sauka a kan kwano, ba mai jifa. Daga gindin tsamiya ana jin kuka siriri, kamar na jarirai. Sai Tamar, 'yarsa tilo, ta saki tukunyar miya, ta zube tana birgima, tana kururuwa wai tafin ƙafarta na ƙuna. Tsoro ya kama Azariya irin wanda bai taɓa ji ba. Matarsa Milka ta ruga, ko ɗankwali babu, ta ɗauko Baba Silvanus, tsohon fasto da ya yi suna wajen yi wa masu iskoki addu'a.

Tsohon ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya daɗe yana karatu a hankali. Can Tamar ta tashi zaune, muryar wani ƙato ta fito daga bakinta.

"Cikin sunan Yesu, wane ne kai?" Baba Silvanus ya tambaya.

"Mai gidan ƙarƙashin tsamiya. Kun soka mini ƙarfe a tsakar ɗaki, na yi shiru. Wutarku ta riƙa gangarowa kan 'ya'yana. Kullum abin nan na bango yana tare ta, wannan mutum ya ɗaure masa hannu. Ƙaramin ɗana ya ƙone."

"Yarinyar ba ta yi maka komai ba."

"Nawa ma bai yi muku ba. A zare ƙarfen, in sake ta."

"In an zare fa?"

Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Abin da ke sauko mini, sai ya nemi wata hanya."

Azariya bai jira ba. Ya ɗauki diga ya tumɓuke rodin. Tamar ta yi atishawa, ta koma luuu, ta buɗe ido tana kiran mama. A bakin ƙofa Baba Silvanus ya riƙe hannun Azariya ya ce, "Ɗana, ka ji abin da ya faɗa. Kada a kunna komai a gidan nan sai mai gyara ya zo."

Ya amsa da to. Amma a ranar aka yi ruwa da iska, wutar unguwa ta ɗauke gaba ɗaya, aka shafe kwanaki cikin duhu. Tamar ta warware, har an yi godiya a coci. Wa ke tuna mai gyaran wuta alhali babu wutar?

Ran Asabar da almuru aka kawo ta, unguwa ta kaure da ihu. Azariya na waje ya ji firji ya tashi da gurnani, ya kuma ji Milka na cewa, "Tamar, sa kunun nan a firji." Yarinyar daga wanke-wanke take, hannu jiƙe, ƙafa ba takalmi.

Nan ya tuna da guntuwar wayarsa.

Da gudu ya faɗa falo, ya bangaje ta gefe. Santsin ruwan ƙafarta ya kwashe shi, ya kai hannu ya dafe jikin firjin. Wuta ta kama shi, birekar da ya ɗaure kuwa ba ta faɗi ba.

Bayan an binne shi Gilbert ya zo. Ya bi layi ɗaya-ɗaya, ya tarar ɓera ya ci wayar bayan firji. Ya gyara, ya kafa rodi can nesa da tsamiya, ya sa wata bireka. Guntuwar wayar kuwa, Tamar ce ta miƙa hannu ta karɓa.