Ba a Ba da Taken Mai Rai

Sufeto Zaharaddeen yana zaune a teburin mai shayi da ke gaban ofishin 'yan sanda na Batsari, yana tsoma burodi shi kaɗai kamar kullum, sai ga wani tsoho ya iso ba hula a kansa. Duk garin an san shi. Baba Mahmudu ne, makaɗin gangar noma.

"Yallaɓai, an kashe ni," in ji tsohon. "An ɗauke mani ganga."

"Yaushe?"

"Jiya na rataye ta da hannuna. Da na dawo sallar asuba, sai ƙusa."

Ranar kuwa ita ce ranar kalankuwa. Shekaru aka yi ba a yi wannan biki na ƙarshen kaka ba, tun da 'yan bindiga suka hana noma suka koro mutanen ƙauye cikin gari. Bana an ɗan samu sauƙi, gero ya yi kyau, samari suka ce sai an yi. An share filin bayan tasha, an ɗauko janareto da fitilu, masu tsire da masu waina sun kama wuri, 'yan dambe sun taso tun daga Safana da Tsaskiya. Amma kalankuwa ba ta buɗuwa sai an buga gangar noma.

Sufeto bai damu da bikin ba. Iyalinsa suna Katsina, shi yana kwana a wani ɗaki a bayan ofis, kuma a wurin biki ba mai kiran ɗan sanda sai in faɗa ya tashi. Ya ajiye kofinsa ya bi tsohon.

A zauren Baba Mahmudu ga rediyo a kan taga, ga kalangu biyu a jingine, ba wanda ya taɓa su. Ƙusar gangar tana can sama. A ƙarƙashinta akwai turmi a kife.

"Kai ke hawa turmi in za ka rataye ta?"

"Ni? Allah Ya ba ni tsawo, mi zan yi da turmi?"

A bakin ƙofa Sufeto ya tsinci wani tsohon ƙyalle a naɗe kamar zobe. Gammo ne. Namiji in ya ɗauki ganga a kafaɗa yake rataya ta, ba ya neman gammo. Ya sa shi a aljihu.

"Wa kake zargi?"

"Malam Uzairu na Islamiyya. Tun da aka sa ranar bikin yake wa'azi a kaina."

"Ban da shi, akwai wanda kuka yi sa'insa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar kalangu. "Babu," in ji shi. Ya yi saurin faɗa fiye da kima.

Sufeto ya tarar da Malam Uzairu a gindin darbejiya, da wasu samari tsaye can nesa suna hararar gidansa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da ɗalibai.

"Allah Ya gafarta Malam, an ce ba ka son bikin nan."

"Ba na so, kuma a kan mumbari na faɗa. Amma wanda ya hana kiɗa ba zai halasta sata ba."

"Gidanka na duban zauren Baba Mahmudu. Da ka fito asuba, wa ka gani?"

"Duhu ne. Ban ga kowa ba."

"Na ga kana da fitilar sola a ƙofar gida."

Malam ya ja tasbaha. "Yallaɓai, na ce ban ga kowa ba."

"Samarin can suna cewa in magariba ta yi ba ganga, gidanka za su shiga su nema."

"Su shigo. Gara su shiga nawa."

Sufeto ya miƙe. Malamin bai iya ƙarya ba, Allah Ya sani, kuma mutum ba ya yarda a tsallake masa katanga don ya rufa wa ɗan iska asiri. Wanda ya gani ɗin mutum ne da yake jin tausayinsa.

A filin biki ana ta kafa rumfa. Kamilu, sabon Sarkin Samari, yana tsaye da sabuwar shadda yana ba da umarni, wuyansa ya yi kauri da sarautar da ba ta kai wata guda ba.

"Kai da Baba Mahmudu akwai wata magana tsakaninku?"

"Ba komai, ranka shi daɗe. Gaisuwa kurum."

Wata mai waina da ke hura wuta a gefe ta yi tsaki. "Gaisuwa da riga da goro? Kamilu, ka ji tsoron Allah. Yallaɓai, take ya je nema."

Sufeto ɗan birni ne, sai da aka yi masa bayani. Kowane gwarzon manomi yana da nasa take a bakin ganga. In aka buga, ko yana can ƙarshen fili zai taso da gudu ya ɗaga garma ya yi kirari, kowa ya san shi ake kira.

"To don me ba a yi maka sabo ba?"

Kamilu ya sosa ƙeya. "Na Muntaka ya fi kowane daɗi. Shi ne Sarkin Samari kafin ni. Baba ya ce yau da shi za a buɗe biki, ni zan amsa."

"Muntakan ya yarda?"

Mai waina ce ta amsa, muryarta ta yi ƙasa. "'Yan bindiga sun ɗauke shi a gona, can hanyar Yasore, damina uku ke nan. Ba a ji ɗuriyarshi ba, ba a ga gawa ba. Mu dai a garinmu ba a ba da taken mai rai. Sai mutum ya mutu ake gadon takenshi."

"Wa ya bari a gida?"

"Uwarshi, Hansai. Shi kaɗai gare ta. Shekaranjiya har ƙasa ta durƙusa wa Baba Mahmudu, ya ce mata sai haƙuri, rai ba ya jiran wanda ya tafi."

Wato abin da tsohon ya ɓoye ke nan da safe.

Gidan Hansai yana can ƙarshen gari, inda mutanen ƙauye suka yi 'yan ɗakuna. Maƙwabta duk sun tafi kallon rumfuna. Sufeto ya yi sallama sau uku kafin a amsa.

Wata gajeriyar tsohuwa ce zaune a kan tabarma tana tsintar wake. Tsakar gidan an share shi tas, amma shiru ya yi masa yawa. Ko kaza babu. A jikin danga ga wata garma a rataye, an goge ta da mai tana sheƙi. Sufeto ya san irin wannan shiru, da shi yake kwana yake tashi.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya aiki? Ya mutanen gida?"

"Suna can Katsina. Inna, kin fita yau da asuba?"

"Ina za ni? Ƙafar ma ba ta ɗauka ta."

"Bana kin yi noma?"

"Wa zai noma mani? Maƙwabta ke sammani, Allah Shi saka masu."

Sufeto ya dubi ɗan rumbun da ke kusurwa. An jingina masa tsani, murfinsa kuma a karkace yake, kamar wanda aka mayar cikin gaggawa.

"To me ake hawa ɗauka a rumbun da ba hatsi?"

Ta ci gaba da tsintar wake. Ya ciro gammon ya ajiye a gefen tabarma. Ƙyallen ɗaya yake da ɗankwalin da ke kanta.

Ya hau tsanin ya ɗaga murfi. Ga ganga nan a kwance, an lulluɓe ta da zane mai tsabta, an sa mata buhu a ƙasa don kada raɓa ta taɓa fatar.

"Ni na ɗauka," in ji Hansai, ba ta ɗaga kai ba. "Malam ya gan ni, ya kauda kai. Kada a taɓa shi. Ban yi niyyar fasa ta ba, gobe da safe zan mayar. Yau ɗin nan kawai nike so ta wuce."

"Inna, sata ce fa."

"Na sani. Ɗan nan, ba a kawo mani gawa ba. Ban yi mashi sadakar uku ba, ban yi ta arba'in ba. Kullum ina ɗibar mashi tuwo. In aka buga takenshi wani ya amsa gaban jama'a, to garin nan duka ya binne shi ke nan. Ni kaɗai zan rage mai cewa yana nan."

An riga an shigar da ƙara, dole ta je ofis ta ba da bayani. Ya kira direba ya kawo mota. Ta ɗauraye hannunta, ta rufe kwanon tuwo da faifai, ta ja ƙyauren ɗaki amma ba ta sa kwaɗo ba.

"Ko zai zo ba ni nan," in ji ta.

A ƙa'ida gangar shaida ce, a ofis ya kamata ta kwana. Amma magariba ta wuce, fitilun fili sun kama, jama'a sun cika maƙil, samari kuma sun fara taruwa a hanyar gidan Malam Uzairu. Sufeto ya sa aka tsaya a bakin fili. Ya ɗauki gangar ya kai wa Baba Mahmudu.

"Ga ta. A rumbun Hansai na same ta, a lulluɓe da zanen Sallarta. Ita Hansai tana cikin mota. Abin da za ka buga kai ka sani."

Tsohon ya daɗe yana shafa fatar. Kamilu na tsaye kusa, ya ji komai.

Sufeto ya koma mota ya zauna. Direba ya sa hannu zai tayar, Sufeto ya ce masa ya dakata.

Ganga ta tashi. Taken Muntaka ne, ko baƙo ya gane daga yadda fili ya yi tsit. Hansai ta runtse ido ta damƙe bakin mayafinta.

Kamilu ya riƙe garma a gaban rumfa. Aka buga na farko bai motsa ba. Aka buga na biyu, sai ya sunkuya ya ajiye garmar a ƙasa ya koma cikin mutane. Baba Mahmudu ya buga na uku yana duban hanyar Yasore, kamar yadda ake yi wa wanda ya makara. Ba wanda ya amsa.

A kujerar baya Sufeto ya ji 'yar muryar Hansai, a hankali, tana bin kiɗan da kirarin ɗanta.

"Sai ni na Hansai, mai riga zakara fita. Garma ta gaji, ni ban gaji ba. Rana ta koma gida ta bar ni a gona."

Ta share fuska da mayafi ta gyara zama.

"Mu tafi, ɗan nan," in ji ta. "A rubuta abin da za a rubuta da wuri. Na bar ƙofa a buɗe."