Abin da Yaya Babba Ta Gani a Ramin Dutse

Ana gab da magariba Yaya Babba ta rufe keken ɗinkinta, ta ja ƙofar shago, ta bi bayan matar ƙaninta marigayi.

Har yanzu Amarya ake kiran matar, duk da 'ya'yanta uku. Tun da ta fita takaba, kowace Alhamis da yamma sai ta yafa mayafi ta fice, ba ta dawowa sai duhu ya fara. Yaya Babba ce ta fara cewa wurin namiji take zuwa. Ta faɗa a shago, ta faɗa a gidan biki, har maganar ta kai kunnen Kawu, babban gidansu. Gobe dangi za su zauna a karɓe yaran. Shaida kaɗai ta rage, shi ya sa Yaya Babba ta riƙo waya don ɗaukar hoto.

"Yau dubunki ta cika," ta ce a ranta.

Amarya ta wuce gidajen ƙarshe, ta ratsa ciyawa, ta gangara tsohon ramin da ake fasa dutse. Nan ne motar marigayin ta zame cikin ruwan da ya cika ramin. An ciro motar, shi ba a same shi ba. Yaya Babba kam ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba.

Ta laɓe bayan wani dutse, ta ɗaga wayar.

Babu namiji. Amarya ta zauna bakin ruwa, ta yi addu'a, sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, Allah Ya kai haske gare ka. Auta ya fara haƙori. Yaya tana fushi da ni, amma kewarka ce ke cin ta, na sani."

Sai kwaɗi suka yi shiru, lokaci guda. Iska ta tsaya cak. Wani ƙamshi ya taso, kamar na ƙasar da ruwan farko ya daka.

Yaya Babba ta ɗaga kai.

Wasu halittu ta gani, suna tsaye a kan ruwan. Sahu bayan sahu, har bangon dutse na can ƙetare. Dogaye ne, kawunansu sun kusa taɓa jan gajimare, ga shi ruwan ko motsi bai yi ba. Ba su da fuskar da ido zai riƙe. Dukansu sun sunkuyo, suna sauraron wannan 'yar matar mai tsohon mayafi, kamar almajirai gaban malami.

Ba gudu ne ya fara zo mata ba. Ji ta yi ta ƙanƙance, ta koma kamar ƙwayar yashi. Hawaye suka zubo ba ta kira su ba. Wai ita ce ta zo yanke wa mutum hukunci a gaban waɗannan?

Ɗaya ya juyo.

Sanyi ya taɓa kunnenta. Wata murya ta raɗa mata:

"Ita addu'a ta kawo masa. Ke fa?"

Wayar ta suɓuce.

Sai duwatsun suka fara magana, da muryarta. "Ni na san irinta." "Ko shekara bai yi da rasuwa ba." Har da dariyar da ta yi a shago.

Ta toshe kunne, ta kwasa da gudu. Tsakuwa ta zame, ta tafi da ita, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu.

Wani hannu ya cafke ta.

"Yaya! Riƙe ni!"

Amarya ce. Ta jawo ta tudu, tana haki. Kwaɗi sun ci gaba da kukansu.

"Kin gan su?" in ji Yaya Babba, haƙoranta na kaɗawa.

"Su wa, Yaya? Ni kaɗai ce. Ashe ke ma kina zuwa masa?"

Da mari ta kwaɗa mata da ya fi sauƙi. Amarya ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta rako ta gida, ta wanke mata ciwon ƙafa da ruwan ɗumi. Yaya Babba ta kasa kallon idonta.

Washegari dangi suka cika tsakar gida. Kawu ya ce, "To, Babba, faɗa mana abin da kika gani."

Ta miƙe, kanta a ƙasa.

"Kawu, ƙarya na yi mata. Ban taɓa ganin komai ba, zargi ne kawai. Amarya, ki yafe mini."

Wata gwaggo ta ja tsaki, ta ce, "Da girmanki!" Yaya Babba ba ta musa ba.

Yaran suka zauna wurin uwarsu. Shagon ɗinki kuma ya rage cika, domin masu zuwa cin naman mutane sun lura da abu ɗaya: da zarar an ambaci sunan wanda ba ya nan, sai Yaya Babba ta tsayar da keke, ta ɗaga kai tana duban sama, kamar wadda ta san akwai masu sauraro.